Sunan da Na Kira a Bakin Kwazazzabo

Ni dai ba yawo ya kai ni Dubai ba, jego ne. Ramatu matar ɗan farina ta haihu, mahaifiyarta kuwa ta rasu a Maraɗi tun Ramatu tana ƙarama, babu mai dafa mata ruwan wanka, babu mai dama mata kunun kanwa. Shi ne yaron ya aiko mini da tikiti. A shekarar da ta gabaci zuwan korona ke nan, lokacin sanyinsu.

Na ce "yaron" domin haka nake ce masa. Ɗan fari ne, kuma sunan surukina aka sa masa, kunya biyu ke nan a kaina. A gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane. Yana barin nono kakarsa ta ɗauke shi, can ya girma a sashenta, ina hango shi ta kan danga. In zan aike shi sai in ce "kai". In zan yi maganarsa da wani sai in ce "ɗan gidan nan". Da na shiga makarantar yaƙi da jahilci, malama ta ce kowacce ta fito ta rubuta sunan ɗanta a allo, ni na biyun na rubuta. Har ya yi gemu bai taɓa jin sunansa daga bakina ba. Wanda yake son ya sani, sunan annabin nan ne da kifi ya haɗiye.

A Bur Dubai suke zaune, can saman wani dogon bene. Babu tsakar gida, babu murhu, babu inda za ki zauna ki ga kaza ta wuce. Ruwan jego a butar lantarki na riƙa dafa shi, ganyen darbejiya kuwa a shagon wani Ba'indiye muke saya, a ƙulle a leda kamar alayyafo. Jaririyar sunana aka sa mata, don haka su ma ba sa kira, Ummi suke ce mata. Kin ga ashe kowa da sunan da yake tsallakewa a gidan.

Tsoro kuwa tun da na sauka yake bina. Ina tsoron akwatin ƙarfen da ke hawa da mu bene. Ina tsoron jirginsu na cikin gari, wanda na leƙa gabansa ban ga direba ba. Ranar da Ramatu ta kai ni kasuwar Al Sabkha, sai da muka haye ruwa a kwalekwale, na runtse ido tun daga wannan gaɓa har waccan. A kasuwar ne wani mutum ya ji Hausata ya taso da fara'a, Hajiya sama Hajiya ƙasa, ya ce ai kakarsa 'yar gefen garinmu ce. Daɗin jin harshen gida ya sa na sayi kwalbar zuma a hannunsa don kunun mai jego. Da muka dawo Ramatu ta lasa, ta yi dariya har tana riƙe ciki.

"Inna, wannan ai sukari ne aka narka. Ƙudan zuman da ya yi ta a shago yake kwana."

Ban ji zafin zumar ba kamar yadda na ji zafin kakar da ya ƙago.

Shi yaron a wani gareji yake aiki a Al Quoz, inda suke gyaran manyan motoci. Yana fita da sassafe, ya dawo a gajiye, ya durƙusa a bakin ƙofa ya gaishe ni, in amsa ina kallon bango. Iyakar hirarmu ke nan. Da aka yi arba'in, tafiyata gida ta matso, sai ga shi ya zo da wata mota mai ɗaki a bayanta, karaban suke ce mata. Ya ce shi ya gyara injinta, maigidansa ya ba shi ya gwada ta a doguwar hanya har kwana biyu.

"Inna, ba za ki koma ki ce bene kawai kika gani ba. Akwai duwatsu a ƙasar nan. Yalla, mu je ki gani."

Na ce da Ramatu, "Gaya masa ni ba na son wahala."

"Inna, ga shi nan a gabanku, yana jin ku."

Muka tafi. Motar nan akwai gado a cikinta, akwai murhun gas, har da ɗan banɗaki kamar akurki. Ni dai ban taɓa ganin an ɗauki ɗaki an ɗora a kan taya ba, kuma zuciyata ba ta yarda da tukunyar gas ɗin da ke ƙara a ƙarƙashin kujerata ba. Duk ramin da muka faɗa sai in ce Innalillahi. Muka bar benaye a baya, muka shiga yashi ja, raƙuma suna kiwo a bayan waya. Muka tsaya a wani gidan mai muka yi sallah, wani tsoho mai shara ya ga ina neman buta ya kawo mini tasa, ya juya baya har na gama. Daga nan hanya ta fara hawa. Duwatsun ba irin namu ba ne da ake samun ciyawa da awaki a jikinsu. Baƙaƙe ne, tsirara, kamar an ƙone su. Hanya tana nannaɗe su kamar rawani, gefe ɗaya dutse, gefe ɗaya rami. Tukunyar shinkafar da muka ɗora a kan kantar motar ta zame ta kife. Ramatu tana cewa da ɗan Faransancinsu na Nijar, "Bon, mun ci abinci," ni kuwa na rungume Ummi ina karanta duk abin da ya zo bakina.

A wani fili tsakanin duwatsu muka sauka, inda masu irin wannan mota suke kwana. Da gari ya waye na fito alwala, sai na yi turus. Itacen kurna ne a bayan motarmu, kurna sak irin ta ƙofar gidanmu, da ƙayarta da komai. Na dafa ta kamar na ga 'yar uwa. Na duba ko zan samu ko ƙwaya ɗaya ta 'ya'yanta, babu, tsuntsaye sun riga ni. Ban san yaron yana bayana ba na ce a fili, "Kurna, har nan kika zo ke ma? Da na samu 'ya'yanki da na ji kamar na je gida."

Ya ɗaga kai ya dubi rassan, ya juya ya koma mota.

A bakin filin akwai abin da suke kira jirgin ƙasa, mai kai 'yan kallo wani kwazazzabo a cikin duwatsu. Ni na hau jirgin Nguru ina yarinya, na san jirgi. Wannan ba shi da dogo, tayoyin roba gare shi, kansa kamar tarakta da aka yi wa kwalliya, yana jan ƙananan taragu marasa ƙofa. Jikin Ummi ya ɗan yi ɗumi a ranar, Ramatu ta ce ita za ta zauna da ita.

"Ku je ku biyu, Inna. Tun da kuka zo gaisuwa kawai kuke yi kamar maƙwabta. Ku je ku saba."

"Ke dai ba ki da ta ido," na ce mata.

Wajen sayen tikiti yaron ya nuna wa mai sayarwa wani baƙin hadari can nesa a kan duwatsu. Mutumin ko ɗaga kai bai yi ba, ya ce, "Mafi mushkila, habibi," wato babu matsala, ya miƙo takardu.

Kujerun ƙanana ne, dole kafaɗata ta taɓa ta yaron. Rabon da jikina ya taɓa nasa tun yana goye. Na juya fuska waje, wajen kuma rami ne, sai na rufe ido.

"Inna, buɗe ido mana. Na kallo muka biya, ba na barci ba."

Na buɗe kaɗan. Gaskiya akwai kyau, in mutum yana da zuciyar gani. Dabino a can ƙasa kamar tsintsiya, dutse mai launi-launi kamar an jera atamfa. A gabanmu wata Ba'indiya ce mai furfura da jan ɗigo a goshi, ta waiwayo ta ga yadda na ƙanƙame ƙarfe, ta yi murmushi ta miƙo mini alewa. A wani wuri jirgin ya gangara ya ratsa busasshen rafi, tayoyi suna gurzar tsakuwa, sannan ya sake hawa. Ban kula da wurin ba sai daga baya.

Inda jirgin ya tsaya tudu ne. Daga nan matakala ce ta dutse take sauka cikin kwazazzabon. Muka sauka a hankali. Bango dama, bango hagu, tsayinsu ya fi benen da muke kwana, sama ta koma siririya kamar zare. Ƙasan yashi ne da duwatsu masu santsi, babu ɗigon ruwa. Sanyin wurin ya shiga ƙashina. Mutane kuwa wasa suka samu: kowa ya kira sunan ɗan uwansa da ƙarfi, dutse ya maimaita, su fashe da dariya. Wurin ya cika da ihu.

Yaron ya haɗa hannu a baki ya ce, "Inna!"

Dutse ya ce Inna, Inna.

"Ke ma gwada."

"Ni da duwatsun mutane? Allah ya sawwaƙe."

Ni da ma ba mai murya ba ce. A gida cewa ake in na yi sallama a zaure sai an tambaya ko iska ce.

Na ga ya koma wajen direban jirgin, wani dattijo ɗan Pakistan mai jan gemu, suna magana da Larabcinsu na kasuwa, dattijon yana nuna can cikin kwazazzabon inda ya karya kwana. Ya dawo ya shimfiɗa mini rigarsa ta sama a kan wani dutse kusa da matakala.

"Zauna nan, Inna. Yanzu zan dawo."

Ban tambaye shi ina za shi ba. Ba na tambayarsa. Na bi bayansa da ido har kwanar ta haɗiye shi.

Ina zaune sai iska ta canza. Ta zo daga ciki, mai sanyi, da ƙamshin ƙasar da ruwa ya taɓa. Wallahi daɗi na ji. Na tuna farkon damina a gida, na tuna ƙannen yaron da na baro, na tuna ko an ɗaure mini akuyata. Ina cikin wannan sai na'urar da ke rataye a ƙugun direban ta yi ƙara, wani yana magana da sauri a ciki. Fuskar dattijon ta sauya. Ya busa usur, ya ɗauko lasifikar hannu yana ihu da harsuna iri-iri. Kalma ɗaya na gane, wadda Ramatu ta koya mini don in riƙa neman ruwan sha: "Moya! Moya! Yalla!"

Na ɗaga kai, zaren saman nan fari tas, babu ko yayyafi. Wane ruwa? Ba'indiyar nan ce ta kamo hannuna, ta nuna mini can bayan duwatsu inda hadarin yake, sannan ta kwanto da hannunta ta biyo da shi ta cikin kwazazzabon, fuu, har kan ƙafafunmu. Sai na gane. Ruwan can aka yi shi, nan kuma hanyarsa ce. Muna zaune a cikin makwararar.

Mutane suka yi ta hawa matakala, masu ɗaukar yara na yi, masu zubar da takalma na yi. Waɗanda suka shiga ciki suna fitowa da gudu. Ina duba kowace fuska. Babu shi. Na ciro wayar da ya saya mini, na danna inda Ramatu ta nuna mini, shiru, dutse ya tare komai.

Dattijon ya zo yana kora ni sama. Na dafa ƙirjina, na nuna kwanar, na lalubo yadda ake cewa ɗana da Larabcin Islamiyya na ce, "Waladi! Waladi!"

Ya dafe kai, da alama ya tuna shi ya nuna masa hanya. Ya sa lasifika a baki ya yi ta kira da Turanci da Larabci. Na saman ma suka taya shi, kowa yana ihu da harshensa, dutse yana dawo musu da shi a cakuɗe. Babu wanda ya fito. Ya juyo gare ni.

"Ism? Ism?"

Na san suna yake tambaya. Na buɗe baki, harshena ya ƙi. Kada wani ya ce ban damu da ɗana ba. Abin da aka ɗaure tun kina amarya ba ya kwancewa don kin so. Gani nake kamar surukata da duk matan gidanmu suna tsaye a kan matakalar nan suna kallon bakina.

Dattijon ya cusa mini lasifikar a hannu. Na ɗaga ta zuwa bakina.

"Kai! Kai yaro! Fito!"

Dutse ya ce kai, kai, kai. Ya haɗe da ihun sauran ya ɓace.

A sama fasinjoji sun fara faɗa da direban. Yana nuna agogo, yana nuna hanyar da muka biyo, na gane busasshen rafin nan da muka ratsa yake nufi: in ruwa ya riga mu can, babu komawa. Wani mai gajeren wando ya sauko ya kama gwiwar hannuna zai ja ni. Ba'indiyar ta ture hannunsa, ta zauna daram a kan matakala kusa da ƙafata, ta naɗe hannu. Mijinta yana kiranta daga sama, ko waiwaye ba ta yi ba.

Sai na ji ƙarar. Can ciki, ƙasa-ƙasa, kamar babbar motar kaya tana tahowa daga nesa. Na ji ta a tafin ƙafata kafin kunnena. Ihun mutane ya ɗauke ɗif.

A cikin wannan shirun na kira shi.

Na kira sunan da aka raɗa masa a kunne ina ɗaki ina sunkuyar da kai. Na kira shi cikakke, yadda ake faɗarsa a garinmu. Ban san ina da irin wannan murya ba. Dutsen dama ya karɓa ya ba na hagu, na hagu ya wuce da shi ciki, sunan yana tafiya yana shan kwana har na daina jin sa. Na sake kira. Na sake. Maƙogwarona ya yi kamar an zuba barkono.

Babu komai sai ƙarar tana ƙaruwa. Na ce a raina, ya Allah, wanda ya fito da mai wannan suna daga cikin kifi.

Sai ga shi ya ɓullo daga kwanar, yana gudu irin wanda ban taɓa ganin babba ya yi ba, ƙafa ɗaya babu takalmi, hannu ɗaya dafe da aljihu. A bayansa kuma ga abin. Ba ruwa ba ne irin wanda na sani. Ja ne, mai kauri kamar kunu, yana turo itace da tarkace a gabansa, duwatsu suna gwaruwa a cikinsa kamar ana daka. Ya kamo shi a idon sawu. Ya faɗi. Ya tashi, ruwan ya kai gwiwa, yana jan sa gefe. Dattijon ya sauka har matakalar ƙarshe, ya warware mayafin wuyansa ya jefa masa. Ya cafke. Mai gajeren wandon nan da ya so ya ja ni, shi ya riƙe ƙugun dattijon. Suka fizgo shi.

Muka hau sama da rarrafe. Da na waiwaya, dutsen da na zauna a kai babu shi, rigarsa ma ta tafi.

Jirgi bai koma ba a lokacin, rafin ya riga ya cika. A kan tudun muka zauna har bayan la'asar, sannan ruwa ya janye, wasu manyan motoci suka zo suka kwashe mu. Babu wanda ya yi mini faɗa a kan jinkirin. Ba'indiyar ta yage gefen mayafinta ta ɗaure wa yaron ƙafar da dutse ya yanka. Dattijon ya gaya masa cewa shi tun safe ya ce kada a fita yau, mai tikiti ya ce mutane sun riga sun taru. Da muka isa filin, rumfar tikitin a rufe take, mutumin ya yi layar zana. Ramatu muka tarar a bakin hanya da Ummi a baya, idonta ya kumbura. Ta rasa wanda za ta fara kamawa a cikinmu.

Washegari muka kamo hanyar Dubai. Ramatu da Ummi suna barci a gadon baya. Ni na zauna a gaba, abin da ban yi ba a zuwa. Muka yi ta tafiya har duwatsu suka fara komawa yashi. Yaron ne ya fara magana.

"Inna, na ji ihun fa tun farko. Na ɗauka wasan nan ne nasu na kiran dutse. Har usur na ji, na ce bari in ƙarasa, reshe ɗaya ya rage."

Na kafa ido a kan hanya.

"Sai na ji sunana. Na ce wannan muryar Inna ce. Na ce a raina, in dai Inna ta kira sunan nan, to duniya ce ta tashi. Ban ma waiwaya ba."

Ya sa hannu a aljihu, idonsa a kan hanya, ya ciro wani abu ya zuba mini a tafi. Kurna ce, 'yan ƙwayoyi, sun jiƙe, laka ta manne musu, wasu sun fashe. Na goge ɗaya da bakin mayafi na sa a baki. Da ƙasa-ƙasa a jikinta, amma kurna ce, irin ta ƙofar gidanmu. Na juya fuska wajen taga don kada ya ga idona.

"Inna."

"Na'am."

"Ashe kin iya faɗarsa daidai. Sake faɗa mana in ji, yanzu da babu ruwa."

Na tsotse ƙwallon kurnar, na ƙulle sauran a bakin zanena.

Na ce, "Kai, kula da hanya."